Bakans (dogon hutun makaranta) ya zo, damina ta sauka, yara uku a tsakar gida: ya kuke yi da naku?

Maman Uku (Garwa)

Salamu alaikum iyaye mata, da iyaye maza in akwai. Dan Allah shawara nake nema, ku yi min haƙuri zan ɗan ja zancen dan abin ya kwana biyu yana cina a rai. Ni a Garwa nake wajen Yelwa, yarana uku, babban namiji ne shekararsa 7 ya gama CP (aji biyu na firamare) zai shiga CE1 (aji uku), mai bi masa mace ce shekara 4 tana materinel (nazare), sai auta wata 16 bai jima da fara tafiya ba. Maigida direban babbar mota ne, hanyar Ngaundere zuwa Kusiri yake bi, wani zubin har Njamena, in ya fita sai ya yi sati biyu ko fiye bamu sa shi a ido ba. Ni kuma ina ɗan taɓa sana'a a gida, da safe ina suyar ƙosai a ƙofar gida, da rana in ƙulla folere (zoɓo) da ruwan tsamiya a leda in zuba a firigo yaran kartiye (unguwa) suna zuwa saye.

Lokacin makaranta wlh komai a tsare yake, in na tashi asuba na yi sallah in wanke wake in kai markaɗe, in tashe su in musu wanka su karya, mai kilando (ɗan acaɓa) ya zo ya kwashi biyun, daga nan har azahar ni da auta ne kawai. To tunda aka rufe lekol a watan Yuni gidan ya koma wani abu daban. Tun ban sauke kaskon farko ba an fara, Mama ya ɗauke min kofi, Mama ta taka ni, Mama yunwa, kuma fa yanzun nan suka ci. In ruwa ya sauko ba fita, dukkanmu a ɗaki ɗaya da falo, ga shanya a ciki ga auta yana jan komai, shekaranjiya na juya baya kawai in kwashe tuwo sai na same shi ya tsunduma hannu biyu cikin robar ƙullun ƙosai har gwiwar hannu.

Gaskiyar da zan faɗa muku, waya nake basu. In na miƙa musu wayata da desen anime (katun) shiru kake ji kamar ba mutane a gidan, in samu in yi aikina. Amma yanzu ta kai ta kawo yarinyar bata cin abinci sai da waya a gabanta, in na karɓe ta kwanta a ƙasa tana birgima, shi kuma babban ido ya yi ja, dare ya yi baya barci, ga kuɗin data da yake cinye ɗan ribar folere.

Abinda ya sa na kasa haƙuri na rubuto shine ranar Talata. Bayan la'asar na neme shi sama ko ƙasa babu, na leƙa gidajen maƙwabta babu, na goya auta na ja hannun yarinyar muna bin lungu lungu ina kiran sunansa, zuciyata kamar ta faɗo dan kun san kogin Binuwai ya fara kawowa. Sai dab da magariba ga shi nan tafe da wasu manyan yara, wandonsa sharkaf, taɓo har bayan kunne, ya rungumo gwangwanin tumatir da 'ya'yan kwaɗi a ciki yana murna wai ya kawo min in gani. Ashe wani kududdufi suka je inda ake haƙar ƙasar bulo. Na dake shi dukan da ban taɓa masa ba, ya yi barci yana ajiyar zuciya, ni kuma na kwana ina kuka, saboda na san ba iskanci ya kai shi ba, zaman gidan ne ya ishe shi kuma ni ban bashi wani abin yi ba.

Saura kusan wata biyu kafin rantire, wato komawa makaranta a Satumba. Ku da kuke da ƙananan yara, ya kuke cika musu yini? Banda kuɗin kai su wuraren wasa kullum, kuma bana so in kulle su kamar kaji. Suna zuwa makarantar allo da safe daga Asabar zuwa Laraba amma kafin ƙarfe 10 sun dawo, Alhamis da Juma'a kuwa sai addu'a.

Goggon yara (Marwa)

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, duk uwar da ta raini ɗa namiji ta ga irin wannan ranar. Ni na haifi takwas, yanzu jikoki biyar ne a hannuna wannan hutun a nan Domayo, 'yata ce take rubuta min wannan ina faɗa mata.

Maganar ruwa kam kar ki sassauta. Mu nan rafinmu Mayo Kaliyawo rabin shekara yashi ne zalla yara na buga ƙwallo a ciki, amma da damina sai a yi ruwa can kan duwatsu, nan cikin gari ko ɗigo babu rana tana haske, kawai sai ki ji gudun ruwa ya taho da itace da komai. Shi yasa jikokina na gaya musu da babbar murya, mayo ba wurin wasa bane daga Yuni har sai an ga kaka. Amma hani kaɗai baya riƙe yaro. In kin hana shi abu ki ɗora masa wani a hannu.

Kuma kuskuren da nake gani gun 'yan matan yanzu, kuna ɗauka sai kun gama aiki sannan ku ji da yara, ko ku kore su gefe dan ku yi aikin. Aikin gida yana ƙarewa ne? Ki jawo su cikin aikin. Mai shekara 7 ai ya isa tsince wake, ki zuba masa a faifai ki ce tsakuwa nan, ruɓaɓɓe nan. Yarinyar ki bata ƙaramar roba da ruwa kaɗan da tsumma ta wanke cokula da murafen kwano, zata jiƙa rigarta eh, zata ɓata miki lokaci eh, sati ɗaya ne zaki ga hannunta ya faɗa. In kina tuƙa tuwo ki gutsura mata ɗan ƙulli ta mulmula nata a murfin gwangwani. Wuta da man suya ne kawai ba'a kusanta, ki ja layi da gawayi a ƙasa ki ce wanda ya tsallake wannan ba ƙosai yau.

Na biyu ki basu gona. Kar ki ce baki da fili, tsohon bokiti da ya fashe, buhun siminti, gindin bido (jarka) da aka yanke, ki huda ƙasan ki cika da ƙasa da busasshen kashin awaki. Kowa da nasa, ki sa alama. Kuɓewa da yakuwa da wake da masara, yanzu ne lokacinsu, ruwan sama ma zai yi muku rabin aikin. Wake kwana huɗu biyar ya tsago ƙasa, kuɓewa kuma wata biyu ta fara 'ya'ya, kenan kafin su koma makaranta zasu ci miyar abinda suka shuka. Jikana ɗaya in ya tashi da safe ko fuska bai wanke ba sai ya je ya tsuguna gaban bokitinsa yana auna tsiron da ɗan yatsa, ya zo ya ce Goggo jiya nan yake yau ya kai nan.

Shi kuma taɓon da ya kai shi kududdufi, kawo masa shi gida. Ki sa wani babba ya ɗebo muku yumɓu rabin bokiti, su zauna a inuwa su gina shanu da tukwane da motoci su shanya. Mu da muna yara a haka muke wuni, mu yi saniya da tozo mu soka mata ƙaya a matsayin ƙaho. Ga motar kara, ga 'yartsana da ƙyallayen tela, ga carafke da 'yar gala-gala wa 'yan mata.

Da dare kuma in wuta ta ɗauke kar ki ji haushi, ki shimfiɗa tabarma ki ce gatanan gatananku. In kin manta tatsuniyoyin ki kira mahaifiyarki ta tuna miki, na Gizo da Ƙoƙi kaɗai sun isheku wata guda. Ki fara da kacici-kacici, ƙulin ƙulifita, ki ga yadda zasu yi ta rige-rigen cewa gauta.

Ma'aikaciyar lafiya

Yaya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Goggo ta gama magana ta fannin wasa, ni bari in taɓo ta fannin aikina dan a santir (ƙaramin asibiti) ɗinmu daga Yuli zuwa Oktoba gadajen yara basa zama babu kowa.

Tunda ya shiga kududdufi ki sa ido a fitsarinsa nan da wasu makonni har watanni. Tsargiya a irin wannan ruwan kwance ake ɗaukarta, akwai wasu ƙananan dodon koɗi da ƙwayar cutar take rayuwa a jikinsu, ta fito cikin ruwa ta shiga ta fatar yaro, ba sai ya sha ba, tsayawa a ciki ma ya isa. Alamarta jini a ƙarshen fitsari, wani lokacin da zafi. Har yanzu akwai masu cewa wai alamar girma ce ga ɗa namiji, ba haka bane sam, cuta ce, tana cin jinin yaro kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara. Maganinta praziquantel, shi ne wanda ake rabawa a makarantu ana auna tsayin yaro, a asibiti ma akwai. In kin ga jini ki kai shi a gwada fitsarin, kar ki saya a bakin hanya.

Sai palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Tun 2016 ake rabon maganin rigakafi na damina a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, wanda muke kira CPS, na yara daga wata 3 zuwa wata 59, kenan yarinyarki da auta duk suna ciki, babban ne ya wuce. Gida gida ake bi, wata wata, kyauta ne. Ranar farko ma'aikaci ne zai bada a gabansa, sai ya bar miki na rana ta biyu da ta uku, to a nan ne iyaye da yawa suke sakaci, a jefa a kan firigo a manta, ko a ce yaro lafiyarsa ƙalau a ajiye sai ya yi zazzaɓi. In ba'a cika kwana ukun ba kariyar bata cika ba. Yana da ɗaci, ki bashi bayan ya ci abinci, in ya yi amai nan take ki sanar da wanda ya kawo. In yaro yana da zazzaɓi a ranar ba'a bashi, gwaji ake masa tukuna. Kuma ki adana katin. Akwai kuma allurar rigakafin palu da Kamaru ta fara sawa cikin rigakafin yara a Janairun 2024, sau 4 ake yi ana farawa daga wata 6, ki ɗauki karnen auta (katin rigakafinsa) ki tambaya a santir ɗinku ko ana yi a wajenku. Duk da haka gidan sauro kowane dare, ki tura bakinsa ƙarƙashin katifa, in ya yage ki ɗinke. Gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da ke tara ruwa a tsakar gida a kifar da su, bokitan shukar da Goggo ta ce ma a tabbata an huda su da kyau.

Auta kuma shi ne ya fi bani tsoro ba babban ba. Yaro mai fara tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ko baho ya kifa baya iya ɗagowa, kuma ba ihu zaki ji ba, ruwa kaɗan ya isa. Da damina kowa yana tarar ruwan indararo, to duk abinda kika tara ki rufe ko ki ɗora sama, ruwan wanki in kin gama ki zubar a take.

In gudawa ta kama ɗaya daga cikinsu ki fara bashi SRO (ruwan gishiri da sukari) tun a gida, sashe (ƙunshi) ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, da zinc kwana 10 zuwa 14, ki ci gaba da bada nono da abinci. In babu sashe a kusa, lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawar kamar ruwan shinkafa ce ko yaro ya kasa sha, wannan ba ta gida bace, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Tunda kina sayar da folere ma ki dinga tafasa ruwan, yaran mutane ne suke sha.

Baban Walid, Njamena

Salam. Ni namiji ne amma ku bani dama. Mu nan Cadi hutunmu ma ya fi naku tsawo dan sai Oktoba yara suke komawa, kuma mu da muke Waliya tsakanin Shari da Lagon mun ga abinda ruwa ya yi a 2022 da 2024, mutane da yawa sai da suka bar gidajensu, ni kaina a kwalekwale na fitar da iyalina. Tun daga lokacin da an rufe makaranta nake tura manyan yarana ƙauye wajen mahaifina, sai an kusa komawa su dawo. Wlh canjin da nake gani ba kaɗan bane, yaron da a gida sai an yi faɗa yake tashi, can shi ne mai kora awaki, ya san dawa ya san gero tun suna ganye, ya iya gaida manya a tsugune, ya san danginsa. Hajiya in kuna da ƙauye ki tura mai shekara 7 ɗin ko na wata ɗaya ne, ke ma ki huta, ki ji da biyu.

Sannan maganar da zan yi wa 'yan'uwana maza, mu ma da laifinmu. Na san aikin tuƙi, wana yana yi, amma waya tana aiki a hanya. In maigidanki ya tsaya Marwa ko Mora ya kira bayan isha ya ce a bashi babban, ya tambaye shi yau me ka yi, wace sura kake, ka taimaki mamanka? Minti biyar ne. Yaro in ya san babansa zai tambaya da dare, da rana yana tunawa. In ya dawo kuma ya ɗauke su su fita su uku ko gadar Binuwai ce su tsaya su ga masunta, in an yi sa'a har dorina ana hangowa, ke kuma ki samu ki yi barcin rana ɗaya.

Ummu Khairat

Baban Walid maganarka ta biyu na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ta ƙauye a yi hattara. Ba kowane ƙauye bane kuma ba kowane yaro ba. Ni na tura nawa yana shekara 6 wajen dangin babansa, kowa yana gona tun safe har yamma ba mai lura da shi, ba gidan sauro, asibiti kuma sai an yi tafiya mai nisa a kan moto hanya duk ta yanke da ruwa. Da palu mai tsanani aka dawo min da shi sai da aka ƙara masa jini. Ba wai mutanen basa sonsa bane, damina ce ba ta barin kowa ya zauna. In za'a tura a tura da gidan sauronsa, a san hannun wa zai zauna takamaimai, kuma a san akwai rafi ko babu, dan wanda ya je kududdufi a Garwa in ya ga rafi a ƙauye ai sai abinda Allah ya yi.

Kuma dan Allah Maman Uku duk yadda aka matsa miki kar ki ɗora masa tallan folere, na san za'a baki wannan shawarar a unguwa wai ya rage zaman banza. Ya taya ki a ƙofar gida inda idonki yake kansa ya isa.

Abinda ya taimake ni ni kam, mun haɗa kai mu huɗu maƙwabta muka yi kamar adashi amma na yara. Ranar Alhamis duk yaran suna gidana daga hantsi zuwa la'asar, su goma sha ɗaya, kowace uwa ta aiko da ɗan abinda zasu ci, sati mai zuwa gidan wata. Ranar da suke gidanki kam zaki ji a jikinki, amma sati uku kina da Alhamis ɗinki, ki je kasuwa, ki je kitso, ki gaida mara lafiya. Yaran kuma in suna da yawa basa neman waya, langa da ɓuya da 'yar gala-gala sun ishe su.

Metires (Ngaundere)

Ni shekarata 12 ina koyarwa a firamare, mafi yawa SIL (aji ɗaya) da CP, bari in gaya miki abinda muke gani duk Satumba. Yaranmu a gida Hausa ko Fulatanci suke yi, Faransanci sai a aji, to in yaro ya yi kusan wata uku bai ga harafi ba sai ya dawo kamar an share allo, wanda a watan Mayu yake haɗa kalma yana karantawa sai ki ga ya tsaya yana kallon b da d bai san wanne ne wanne ba. Watan farko gaba ɗaya a maimaici yake tafiya. Kuma CE1 ba wasa, ana sa ran yaro ya karanta ɗan gajeren labari shi kaɗai.

Ba sai kin biya kuɗin kur de bakans (darasin hutu) ba in babu hali. Minti 15 a rana ya isa amma kullum, kuma lokaci ɗaya, misali da an idar da azahar kafin a kwanta. Littafinsa na CP kar ki bari a yi ƙunshin gyaɗa da shi, ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi ko ke baki jin Faransanci sosai, ki ce ya fassara miki da Hausa, a nan zaki gane ya fahimta ko haddacewa ya yi. Ya karanta rubutun jikin gwangwanin madara, kwalin shayi, allon butik in kun fita. Lissafi kuwa ai kina da makaranta a ƙofar gida, mai saye ya bada 200 ya ɗauki folere na 150 canjinsa nawa, ki bar shi ya lissafa kafin ki miƙa. Ki bashi tsohon kaye (littafin rubutu) ya zama shi ne mai rubuta cinikin yini. Yarinyar kuma kar ki matsa mata da rubutu, ardowaz (ɗan allo) da alli ta yi ta zane, ta ƙirga murafen kwalba, ta ware jajaye da shuɗɗa, ta zura su a zare, wannan shi ke gyara hannu kafin riƙe bik (biro).

Waya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019, yaro ɗan shekara 1 kar a zaunar da shi gaban allo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Kar ki yanke musu lokaci ɗaya, ki sa mata lokaci sananne, bayan la'asar misali in an gama karatu an kwashe kayan wasa, ki sauke musu abinda zasu kalla ki kashe data, kuma banda lokacin cin abinci banda dab da barci. Kwana uku na farko za'a yi kuka, ki daure.

Fita ma ba sai mai tsada ba. Ni nawa gar (tashar jirgi) nake kai su da yamma su ga jirgin ƙasa mai zuwa Yawunde, sati guda suna zancensa suna jera kujeru suna yin nasu jirgin. Ku a Garwa kuna da gidan zu, sau ɗaya a hutun ya isa in babansu yana gari.

Wani abu da ba'a tambaye ni ba amma yana ci min rai, ki duba duk su ukun suna da akt de nesans (takardar haihuwa)? Duk shekara sai mun ga yara masu ƙoƙari sun kai CM2 (ajin ƙarshe) an zo rajistar CEP (jarrabawar gama firamare) babu takardar haihuwa, kuma in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu. Duk wadda nata basu da shi, wannan hutun ne lokacin zirga-zirgar.

Maman Uku (Garwa)

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri ya raya muku naku. Na yi shiru kwana 12 ne dan in gwada tukuna kafin in dawo.

Goggo mun yi gona. Bokiti biyu da buhun siminti uku a jikin katanga, babban ya shuka masara da kuɓewa, yarinyar wake da yakuwa. Ranar da wakenta ya fito ta ganshi ya lanƙwaso da ɓawon a kansa, da gudu ta zo ta ja zanina wai Mama wakena ya sa hula. Yanzu rigimar safe ta koma ta wa zai fara ban ruwa, har ina hana su dan ranar da aka yi ruwan sama ma so suke su ƙara. Layin gawayin ma yana aiki, ita ce ma take tsare auta in ya nufi wajen kasko.

Babban na zaunar da shi na bashi haƙuri kan dukan, na gaya masa abinda ya tsorata ni, na kuma gaya masa zancen tsargiya yadda ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani, ya yi tsit yana ji, daga baya ya ce to 'ya'yan kwaɗin fa su basa kamuwa? Ban san amsar da zan bashi ba na ce ya tambayi babansa. Yanzu kusan kullum sai sun yi waya da dare, na karanta wa maigida abinda Baban Walid ya rubuta bai ce komai ba amma washegari daga Figil ya kira. Babban ne mai kayen ciniki yanzu, jiya ya kama ni na bada canji ya wuce da 25.

Masu CPS sun zo ranar Asabar, na cika kwana ukun, na ɗaure katin a ƙusa kusa da kalanda. Bahon wanki kuma kife yake yanzu. Takardar haihuwa manyan biyu suna da ita, ta auta ce muka yi sakaci tana can bamu karɓo ba, in maigida ya dawo zamu je meri (ofishin magajin gari).

Wayar ce har yanzu da saura. Babban ya haƙura da na bayan la'asar, amma yarinyar kwana biyar tana ƙin cin abincin rana, na kusa sakewa, sai na koma zama da ita muna ci a kwano ɗaya ina mata tatsuniya, yanzu tana ci amma sai Gizo ya zo. Ranar da aka wuni ana ruwa kuwa gaskiya na basu fiye da awa ɗaya dan ban ga yadda zan yi ba. Ummu Khairat na yi wa maƙwabtana biyu maganar adashin yara, ɗaya ta yarda ɗaya tace sai ta tambayi mijinta. Ƙauye kam ba bana ba, mun bar shi sai ya ƙara wayo.

Goggo tambaya ɗaya, wasu ƙananan ƙwari suna huda ganyen kuɓewar, duk ya zama kamar rariya, yaron har ya fara ɓata rai. Bana so in fesa magani saboda auta yana kai komai baki.

Goggon yara (Marwa)

Toka 'yata. Ki tankaɗe tokar murhunki mai sanyi, da sassafe tun raɓa bata bushe ba ya barbaɗa a kan ganyen sama da ƙasa, in ruwa ya wanke ya sake. In sun yi yawa ki daka ganyen dalbejiya ki jiƙa ya kwana ki tace ya yayyafa da tsintsiya da yamma. Shi zaki bari ya yi da hannunsa. Masarar kuma in ta kai gwiwarsa ya cire raunanan ya bar biyu a buhu, in ba haka ba ba zata yi goyo ba. Kuma ki sa ƙaya ko tsohon gidan sauro ki kewaye wajen tun yanzu, kafin akuyar maƙwabta ta gano hanya.